Darasi na Tara: Tuba da Miƙa Wuya ga Ubangiji Yesu

Kafin a fara bayani, malamin aji ya sa mutum biyu su karanta Luka 17:11-19 da Luka 19:1-10 da babbar murya. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna ya bi layi da yatsa, ya kasa kunne.

Wanda ya zo neman magani

In mutum ya tsaya a Ƙofar Kwaya ta birnin Katsina ya ba gari baya, hanyar Dutsin-ma ce a gabansa. Ita ke gangarawa kudancin jihar, wajen Malumfashi da Ƙafur, inda ake da ƙauyukan Hausawa Kirista tun zamanin kakanni. Cikin masu bin da ke zaune a birnin yau akwai ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa waɗanda asalinsu can ne. Ɗan Malumfashi ne ma, Gerald Mamman Musa, aka naɗa bishop na farko na Katolika a Katsina a 2023. Tambayi mutumin waɗannan ƙauyuka yadda gidansu ya shigo bangaskiya, zai ce maka, "Kakanmu ne ya tuba." Kakan ya san nauyin wannan magana, domin shi aka yi wa gori a kasuwa, shi dangi suka daina ci da shi. Jikan kuwa sau da yawa suna kawai ya gada. Tuba ba a gadonsa. Kowa sai ya yi nasa, kuma darasin yau a kan abin da wannan tuba ya ƙunsa yake.

Bari mu koma baya kaɗan. Da Turawa suka karɓi mulki a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addinin jama'a ba. Saboda haka an daɗe ba a bar 'yan mishan su zauna cikin biranen sarakunan Hausa ba, in ban da Zariya, inda Dokta Walter Miller ya zauna tun 1905. Ciwo ne ya kawo su Katsina. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, bayan gari. Irin wannan aiki ta kama a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Maganin lokacin allurar man wani icce ce da ake samu a Indiya. Tana da zafi, ana shekaru ana yin ta, ba kuma kowa take yi wa aiki ba. Sai wajen 1950 ƙwayar dapsone ta bazu, abin ya yi sauƙi.

Mai jinya yakan daɗe a wurin. Yana noma, yana karɓar allura, wani har ya koyi karatun boko, ga shi kuwa an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. Da yawa sun warke sun koma gida da addininsu yadda suka zo, ba kuma da su muke magana ba, domin ba su yaudari kowa ba. Wasu sun ce sun bi Yesu suna kan magani, ranar da aka sallame su suka bar maganar a bakin ƙofar asibiti. Wasu kuma sun fita da yatsu guntaye, suka shiga ƙauyuka suna bishara har ƙarshen ransu. Allura ɗaya aka yi musu, wa'azi ɗaya suka ji. Me ya raba su?

Labarin da muka karanta a Luka 17 ya riga ya ba da amsa. Mutum goma masu wannan cuta suka tsaya daga nesa suna roƙon Yesu ya ji tausayinsu. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya duk suka tsarkaka. Tara suka wuce abinsu. Guda ɗaya, Basamariye, wanda Yahudawa ba sa ko shan ruwa da ƙoƙonsa, ya juyo ya zube a gaban Yesu, fuska a ƙasa. Ku lura, Yesu bai karɓe lafiyar taran nan ba. Sun tafi da fata mai kyau. Amma maganar ceto, ga wanda ya komo ya durƙusa kaɗai aka yi ta. Taran kyauta suke so, sun kuwa samu. Na goman ya gane mai kyautar, ya miƙa masa kansa.

Yau ma haka abin yake. A taron farkaswa mai wa'azi yakan ce wanda ke son karɓar Yesu ya ɗaga hannu, hannuwa su tashi. Wannan ciwo ya kawo shi, waccan rashin haihuwa, wancan neman aiki. Ba laifi ba ne mutum ya zo wa Allah da bukatarsa. Mutum goman nan ma bukata ce ta kawo su. Abin tambaya shi ne, bayan bukata ta biya, ko ma ba ta biya ba, wa ke mulkin ransa?

Tuban muzuru

Bahaushe ya daɗe da sanin tuban ƙarya, har ya raɗa masa suna: tuban muzuru, kaza a baki. Ya kuma ce kowa ya tuba don wuya ba lada. Manzo Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10. Akwai wanda ke kai mutum ga Allah, akwai kuma irin na duniya, wanda ƙarshensa hallaka. Ɓarawon da aka kama yana kuka, amma kamun yake wa kuka, ba satar ba. Dubi Yahuza da Bitrus. A dare ɗaya suka yi wa Ubangijinsu laifi, ɗaya ya sayar da shi, ɗaya ya yi musun saninsa har sau uku. Yahuza ya yi nadama ƙwarai, har ya mayar da azurfa talatin ɗin. Amma wurin firistoci ya kai nadamarsa, daga nan ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, sa'an nan ya koma wurin wanda ya yi wa laifin. Nadama ba ta isa ba sai ta kai mutum gaban Yesu.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke kasuwa ɗaya da unguwa ɗaya da su, malamansu na koyar da cewa tuba yana da sharuɗɗa: mutum ya yi nadama, ya bar laifin nan take, ya ƙudura ba zai koma ba, in kuma haƙƙin wani ne ya mayar masa. Kirista ba shi da abin musu a nan, kuma abin kunya ne a ce tuban mai bi bai kai wannan ba. Inda koyarwarmu ta bambanta shi ne tushen gafara. Mu mun gaskata cewa ba kyawun tubanmu ke sa a yafe mana ba. Mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu su ne suka biya bashin, tuba kuwa shi ne mutum ya saki abin da ke hannunsa ya karɓi wannan gafara.

Zakka na Yariko ya nuna mana yadda sakin yake. Shugaban masu karɓar haraji ne, yana tara wa Romawa kuɗi yana ƙara nasa a kai, mutanen gari sun tsane shi. Yesu ya sauka a gidansa tun bai gyara kome ba, wannan muhimmi ne, kada ku manta da shi. Amma kafin a tashi daga wurin, Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Dokar Musa a Littafin Ƙidaya 5:7 cewa ta yi wanda ya amsa laifinsa ya biya abin da ya ci, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne a Fitowa 22:1. Wato Zakka bai nemi sassauci ba, ya sa kansa a layin ɓarayi da bakinsa. A ranar ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan.

Mu kawo abin kusa. Ga mai awo da buhunan masara da gero a gabansa. Tiya biyu gare shi. Wadda yake saye da ita daga hannun manomi an buɗa mata ciki, ta fi ɗauka. Wadda yake sayarwa da ita an buge gindinta ya shige ciki, in ba ka kifa ta ka duba ba ba za ka gane ba. In yana awo yakan tara hatsin ya yi tozo, ya sa hannu ya tare gefe kamar mai ƙara maka, alhali tafi guda ya riga ya tafi a gindin kwanon. Matar da ta sayi tiya uku don tuwon dare ba za ta san dalilin da ya sa garin bai kai ba. Wannan mutum yana iya zama ɗan ƙungiyar mawaƙa, yana iya ba da zakka da baiko kowace Lahadi. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ta kuma kira abin ƙyama ne a gaban Allah. Ranar da ya tuba, abin da zai fara yi ba tsayawa gaban ikilisiya ba da shaida ba ne. Ya fasa kwanon nan tukuna. Ribarsa za ta ragu, 'yan layinsu za su ce ya cika iyayi, wataƙila ma su ƙi shi don ya tona musu asiri. Wannan ragin riba shi ne tuban nasa a zahiri.

Haka Yahaya Mai Baftisma ya amsa wa masu tambayarsa a Luka 3. Bai ce masu karɓar haraji su bar aiki ba, cewa ya yi kada su karɓi fiye da ƙa'ida. Sojoji kuma su daina ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Mai Keke Napep da ya tsinci wayar fasinja, tela da ya ci yadin mutane, ma'aikacin da ke sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba, matar da ke kai gulma gida-gida da sunan neman addu'a, kowa ya san inda tasa tiyar take.

Ubangiji, ba baƙo ba

Romawa 10:9 ta haɗa abu biyu a maganar ceto: gaskatawa a zuci cewa Allah ya ta da Yesu daga matattu, da shaidawa da baki cewa shi ne Ubangiji. A daular Roma wannan shaida ba ƙaramar magana ba ce, domin Kaisar ma ana kiransa ubangiji, ana ƙona turare a gaban siffarsa. Wajen shekara ta 155 aka kama Polikaf, dattijon bishop na Simirna, garin da ake kira Izmir a Turkiyya ta yau. Abin da aka nema gare shi kaɗan ne a ido: ya rantse da Kaisar, ya zagi Almasihu, ya koma gida. Tsohon ya ce shekara 86 yana bauta wa Almasihu bai taɓa cutarsa ba, ya ƙi. Aka ƙone shi. Masu bi na farko sun fahimci cewa wanda ka kira Ubangiji shi ke da magana ta ƙarshe a kanka, ba sarki ba, ba dangi ba, ba kai kanka ba.

A gidan Bahaushe baƙo iyakarsa zaure. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a kawo abinci, a girmama shi, amma ba ya leƙa rumbu, ba ya tambayar abin da ke ƙarƙashin gado. Da yawanmu a zaure muka ajiye Yesu. Muna gaishe shi safe da yamma, ranar Lahadi mu yi masa waƙa, amma maganar kuɗi, da yadda muke da matanmu ko mazanmu, da gabar da muke riƙe da ita tun rabon gado, mun ce wannan cikin gida ne. Shi kuwa bai zo a matsayin baƙo ba, maigida ne, ya kuma tambaya a Luka 6:46 don me mutane ke kiransa Ubangiji ba sa yin abin da ya ce.

Wurin da wannan ya fi fitowa fili a ƙasarmu shi ne wajen tsari. Kakannin da suka fito daga Maguzanci sun bar yanka wa iskoki, suka fid da kayan tsafin gida, a lokacin da kowa ke ce musu gona za ta ƙi, 'ya'ya za su mutu. Abin da mutanen Afisa suka yi ke nan a Ayyukan Manzanni 19, inda masu sihiri da suka ba da gaskiya suka tara littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu azurfa 50,000. Ba su sayar ba, ba su ba wani ajiya ba. Yau, da rashin tsaro ya addabi ƙauyukanmu, jikokin waɗancan mutane wasu sun koma ɗaura guru a ƙugu da kambu a damtse, Littafi Mai Tsarki kuma a aljihu, wai ko wannan bai yi ba wancan ya yi. Tsoron gaskiya ne, wanda ya kwana a daji da 'ya'yansa ba a yi masa wa'azi da gatse. Amma dole a faɗa: taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ka dogara gare shi ranar tsoro, shi ne ubangijinka na ainihi.

To, ashe da aiki ake sayen ceto?

Wani a cikin aji zai yi wannan tambaya, kuma ya kyauta. Manyan malamai ma sun yi ta. A Amurka, a 1988, wani fasto mai suna John MacArthur ya rubuta cewa ba a karɓar Yesu Mai Ceto a bar Yesu Ubangiji, bangaskiyar da ba ta da tuba ba bangaskiya ba ce. Shekara ɗaya bayan haka Zane Hodges ya mayar masa da martani, yana cewa in aka sa miƙa wuya cikin sharuɗɗan ceto an mai da kyauta ciniki, kuma ba wanda zai taɓa tabbata ya tsira.

Tsoron Hodges yana da tushe. An yi zamanin da a wasu ikilisiyoyinmu tuba ya koma jerin dokoki: ka bar giya, ka bar taba, ka bar rawa, shi ke nan ka zama mai bi, ko da zuciyarka cike take da girman kai. An kuma yi wa iyalai rauni da sunan miƙa wuya. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ta Ingila ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma a 1888, aka yi ta sakin mata da 'ya'yansu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sai a 1988 taron ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma ba tare da an tilasta masa sakin kowa ba, muddin ba zai ƙara aure ba kuma ikilisiyar wurin ta amince. Ɗariku sun bambanta a wannan batu har yau, wanda abin ya shafa ya zauna da fastonsa da dattawan ikilisiya. Abin koyo shi ne, ba kowace doka da mutane suka kafa ce muryar Ubangiji ba.

Duk da haka, a ganina MacArthur ya fi kusa da abin da Littafi ke koyarwa. Afisawa 2:8-10 ta ce ceto alheri ne, ba ladan aiki ba, a nan take kuma ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Aiki ba ya gaba, amma ba ya rasa biyowa. Ɗan fashin da aka gicciye tare da Yesu ba shi da hannun yin aiki ko ɗaya, an kafe su da ƙusa. Amma ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, ya kuma roƙi Yesu ya tuna da shi in ya shiga mulkinsa. Ga tuba, ga amincewa da sarauta, a bakin mutumin da ba shi da abin biya. Ba a ce sai ka gyaru sarai kafin ka zo ba. Cewa aka yi kada ka zo kana ɓoye wani abu a bayanka da niyyar ba za ka taɓa sakinsa ba.

A shekarar da aka fara aikin Babbar Ruga, 1937, wani fasto a Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya yi kashedi game da alherin da aka mai da shi araha, wato a yi wa mutane shelar gafara ba a kira su ga tuba ba. Ya ga yadda ikilisiyoyi da yawa na ƙasarsa suka sunkuya wa Hitila. Shi bai sunkuya ba, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945. A waɗannan shekaru kuma farkawa ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda, ta bazu Yuganda da Kenya. Alamar da aka san mutanenta da ita ita ce mayar da kayan da suka sata da kuɗin da suka ci, da zuwa neman gafara wurin wanda suka ɓata wa, tun ba a kama su ba.

Saura abu ɗaya. Akan ce hali zanen dutse ne, wani kuma ya fake da wannan ya ce shi haka Allah ya yi shi. Ezekiyel 36:26 ta yi alkawarin Allah zai cire zuciyar dutsen ɗungum ya sa sabuwa. Ruhu Mai Tsarki ke wannan aiki, ba ƙarfin halinmu ba, kuma ba a rana ɗaya yake gamawa ba. Martin Luther, a farkon batutuwa 95 da ya fitar a 1517, ya ce tuba aikin dukan rayuwar mai bi ne. Wanda ya faɗi bayan baftisma bai zama Yahuza ba, in dai ya tashi ya koma inda Bitrus ya koma. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne wanda zunubinsa ya daina damunsa.

Aikin aji da na gida

Ku kasu uku-uku ku tattauna: me ya sa Yahuza bai sami gafara ba ko da yake ya mayar da kuɗin? Mace ko namijin da aka haifa a gidan masu bi, wane tuba ne ya rage masa? Bayan haka kowa ya rubuta jimla biyar a littafinsa a kan abin da Zakka ya yi, da kalmominsa, malami ya duba rubutun.

Aikin gida ba na nuna wa malami ba ne. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka koma gida ka zauna kai kaɗai, ka rubuta sunan mutum ɗaya da haƙƙinsa ke wuyanka, ko kuɗi ne, ko iyakar gona, ko sunansa da ka ɓata. In ya rasu, magadansa na nan. In abin ya fi ƙarfinka biya a lokaci ɗaya, ka je ka faɗa masa gaskiya ku yanka yadda za ka riƙa biya. In kana tsoron zuwa kai kaɗai, ka nemi dattijo ɗaya na ikilisiya ya raka ka. Ka yi addu'a, sa'an nan ka je kafin ajinmu na mako mai zuwa.